Ofishin da ya karanta mini kundin gadon bairos a Jos: abin da zubin haruffa ya gano, da abin da ya tsallake

Na kai aiki wani ƙaramin ofishin nazarin bayanan halitta da ke wani bene a kan hanyar Bauchi a nan Jos, kuma tun da abokan aiki da ɗalibai suke ta tambayata ko wurin ya cancanci a ba shi kuɗi, na ga gara in rubuta abin da na gani filla-filla, maimakon in riƙa amsa wa kowa a tsaitsaye. Ni likitan dabbobi ne, kuma yawancin aikina a gidajen kaji ne da ke tsakanin Bukuru da Vom, inda cutar da bakteriyar Salmonella ke haddasawa take cinye wa masu kiwo jari, ga kuma magungunan da muka saba bayarwa sun fara gazawa. Saboda haka ne na daɗe ina bin wani bairos mai cin bakteriya, irin wanda masana ke kira fej, da na tsamo daga ruwan magudana a bayan wani gidan kaji. A farantin gwaji yana kashe Salmonella tas. Amma ba a zuba irin wannan abu a ruwan shan kaji sai an san duk abin da yake ɗauke da shi a jikinsa, musamman ko yana da ƙwayar gadon da za ta ba shi damar laɓewa cikin bakteriya maimakon ya kashe ta, ko kuma yana yawo da ƙwayar guba, ko ta jure wa magani.

Wani wuri ne daban ya karanta mini jerin haruffan kundin gadon fej ɗin, ya aiko mini da fayil ɗaya. Abin da ke ciki haruffa huɗu ne kawai, A da C da G da T, suna biye da juna kusan sau 87,000, babu tazara, babu aya, babu alamar inda magana ta fara ko inda ta ƙare. Aikin da na ba ofishin nan shi ne su nuna mini ina ƙwayoyin gado suke a cikin wannan dogon zare, kuma me kowace take yi.

Wanda zai biya kuɗin irin wannan aiki ya kamata ya san abin da yake saye. Tantanin halitta yana karanta haruffan nan uku-uku ne, kuma kowane uku, da ake kira kodon, yana nufin tubali ɗaya daga cikin amino asid 20 da ake gina furotin da su. Kodon 64 ne gaba ɗaya: 61 na gini, sauran ukun, wato TAA da TAG da TGA, alamar tsayawa ce. Farawa kuwa galibi da ATG ne, ko da yake a bakteriya da bairos ɗinsu akan sami GTG da TTG. Tun da mai karatu zai iya tashi daga harafi na ɗaya ko na biyu ko na uku, kuma zaren yana da fuska biyu, kowane yanki yana da layin karatu shida. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi dogon layi da ya fara da ATG bai kuma ci karo da alamar tsayawa ba. Idan haruffa a warwatse suke ba tsari, alamar tsayawa za ta faɗo kusan sau ɗaya a kowane kodon 21, don haka layin da ya yi kodon 300 a buɗe da wuya ya zama na banza. Matsalar tana wajen gajeru. Layi mai kodon 40 ko 50 yana iya fitowa bisa tsautsayi ɗaruruwa a kundi irin nawa, kuma bairos yana da ƙananan ƙwayoyin gado na gaskiya masu wannan tsawon da yawa. Tsawo kaɗai ba ya raba tsaki da tsakuwa.

A nan ne zubin haruffa ke shigowa, kuma shi ne abin da ofishin ya ce ya ƙware a kai. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san cewa, ko bai duba ba, kunnensa yana rarrabe taɓarya ta ɗaya da ta biyu da ta uku, domin kowane hannu da nauyinsa, kuma bugun yana dawowa a kan tsari. Yankin da ke ɗauke da furotin haka yake. Gurbi na ɗaya a cikin kodon ya fi son G, gurbi na biyu yana da nasa halin saboda shi ne ya fi tasiri a kan irin amino asid ɗin, gurbi na uku kuma shi ne mai sassauci, inda kowace halitta take nuna abin da ta fi so, tun da sau da yawa ana iya sauya shi ba tare da ma'ana ta sauya ba. Yankin da ba ya ɗauke da furotin ba shi da wannan luguden. James Fickett ya gina gwajinsa na gano ƙwayoyin gado a kan wannan a 1982, kuma a shekarar ce Staden da McLachlan suka nuna yadda fifikon kodon ke tona inda ƙwayar gado take. A 1993 Mark Borodovsky da James McIninch suka fitar da manhajar GeneMark, wadda ke lissafa yiwuwar harafi na gaba bisa haruffan da suka gabace shi, tare da la'akari da gurbin da yake a cikin kodon, kuma an yi amfani da ita a kundin Haemophilus influenzae na 1995, kundin bakteriya na farko da aka karanta gaba ɗaya. Daga baya Glimmer ta zo a 1998, Prodigal a 2010, sai PHANOTATE a 2019, wadda aka yi musamman domin fej. Waɗannan manhajoji mai bincike yana samunsu ba tare da ya biya ba, kuma ofishin bai ɓoye mini wannan ba tun ranar farko, abin da na ɗauka a matsayin alamar gaskiya. Ke nan ba manhajar nake saye ba. Idon wanda zai duba abin da ta fitar nake saye.

Rahoton farko ya iso bayan mako guda, kamar yadda aka yi alkawari, a tsare, da taswira mai launi, kowace ƙwayar gado da kibiyarta. Da na zauna da shi da daddare sai hankalina ya ƙi kwanciya, saboda akwai gurabe da dama da taswirar ta bari fayau, wasu sun kai haruffa 600, wani ma ya haura 1,000. Bairos ba ya almubazzaranci da wuri. Kundinsa dole ya shige cikin ɗan ƙoƙon furotin da ba ya faɗaɗa, don haka ƙwayoyin gadonsa a cunkushe suke kamar rumfunan kasuwar Taminus, kafaɗa da kafaɗa, kuma fili mai girma haka a tsakiyar jerin ƙwayoyi masu fuskantar gefe ɗaya kusan kullum yana nufin an tsallake wani abu.

Washegari na koma. Wadda ta yi aikin matashiya ce, ta karanci kimiyyar sinadaran halitta, kuma ba ta nuna ɓacin rai ba da na shimfiɗa takardar a kan teburinta. Na ce, «Malama, waɗannan filayen ne suka hana ni barci.» Ta duba na ɗan lokaci, ta buɗe fayil ɗin da ta yi aiki da shi, sannan ta ce, «Likita, laifina ne. Da ma'aunin Salmonella na auna shi, tun da ita ce yake ci.» Wannan kuskure ne da ya kamata ofishin da ke karɓar kuɗi a kan wannan sana'a ya kauce masa, kuma shi ne babban abin da na riƙe a kansu. Amma dalilinsa yana da muhimmanci, domin duk mai kai irin wannan aiki zai iya faɗawa ciki. Manhajar da ke duba haruffa shida-shida tana da jeri 4,096 da za ta koya, a ninka sau uku saboda gurabe uku na kodon, ya zama 12,288. Bakteriya irin E. coli tana da haruffa kusan miliyan 4.6, don haka akwai isasshen abin koyo. Kundi mai haruffa 87,000 kuwa, kowane jeri ba zai samu misali fiye da kamar bakwai ba, kuma ba a gina hukunci a kan haka. Shi ya sa mutane ke aro ma'aunin bakteriyar da bairos ɗin ke ci, bisa tunanin cewa wanda ke amfani da injin gina furotin na mai gida, wato bakteriyar, dole ya yi magana da harshen mai gida. Sau da yawa hakan yana aiki, amma ba kullum ba. Kason G da C a Salmonella kusan 52 ne cikin 100, nawa bairos ɗin kuwa, da ta lissafa a gabana, bai kai 40 ba, kuma kwatanci ya nuna dangin Felix O1 ne, fej ɗin Salmonella da aka daɗe da sani, mai haruffa kusan 86,000 da kason G da C wajen 39. Ba baƙon abu ba ne: fej ɗin T4 yana cin E. coli mai kusan 51, shi kuma yana wajen 35. Ma'aunin da ya saba jin G da C a gurbi na uku, idan ya ci karo da ƙwayar gado mai cike da A da T, sai ya ɗauka fili ne kawai.

Yadda ta gyara shi ne ya sa na sauya ra'ayi game da wurin. Ta ja mini kujera, ta juyo da fuskar kwamfutar yadda zan gani, ta sake aikin da hanyar da John Besemer da Borodovsky suka bayyana a 1999, wadda ba ta bukatar dogon jeri domin koyo: ana auna kason G da C na jerin da ke hannu, sai a ciro yadda kodon ya kamata su kasance daga dangantakar da aka riga aka gani a halittu masu yawa. Da wannan dabarar ce rukunin su Borodovsky ya sake duba kundayen bairos da ke GenBank, rumbun ajiyar jerin gado na intanet, a 2003, ya gano ƙwayoyin gado da aka tsallake. Sannan ta gudanar da Prodigal da PHANOTATE, ta jera sakamakon uku a kan taswira ɗaya, layi a kan layi. Inda ukun suka yarda, ta wuce da sauri. Inda suka saɓa, ta tsaya. Na ga zanen yiwuwar, layi shida a jere, yana kwance ƙasa sannan ya tashi sama ya miƙe kamar tudun Shere a daidai filin nan mai haruffa 1,000, a layin karatu na biyu, ya kuma faɗo daidai kan TAA. Ta nuna mini wani ƙaramin tudu a fuska ta biyu, a wuri ɗaya, ta ce wannan inuwa ce, domin ƙwayar gado ta gaskiya takan bar alamar lugudenta a bayan zaren, kuma wanda bai sani ba zai lissafa ta a matsayin wata ƙwaya daban. Yawancin filayen sun cike kafin la'asar.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne wurin farawa, kuma a nan zubin haruffa ba shi da ƙarfi sosai. Yana gaya maka cewa akwai ƙwayar gado a nan, ƙarshenta kuma ba a jayayya a kai tun da alamar tsayawa ɗaya ce, amma idan akwai ATG uku a kusa da juna, tudun ba ya nuna wanne ne bakin ƙofa. Ta riƙa duba 'yan haruffan da ke gaban kowane ATG tana neman wani abu mai kama da AGGAGG, alamar da Shine da Dalgarno suka bayyana a 1974, inda injin gina furotin ke sauka. Ta kuma nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk da shekarun da na yi ina karanta irin waɗannan taswirori: a wurare da yawa ƙarshen wata ƙwaya da farkon ta gaba suna cin harafi ɗaya ko huɗu tare, kamar ATGA, inda ATG ta buɗe sabuwa, TGA ta rufe tsohuwa, ko TAATG. Idan ta ga haka, takan zaɓi wannan farawar ko da manhaja ta zaɓi wata. Wannan aikin hannu ne, ƙwaya bayan ƙwaya, fiye da 120, kuma shi kaɗai ya isa ya halatta kuɗin da na biya.

Akwai abubuwan da hanyar ba ta gani kwata-kwata, kuma na yaba da cewa rahoton na biyu ya faɗe su a fili, a shafi na farko, ba a ƙasan takarda ba. Na ɗaya, ƙwayar gado da ke kwance cikin wata. Tun 1977, da Frederick Sanger da abokan aikinsa suka karanta kundin fej ɗin phiX174, mai haruffa 5,386 da ƙwayoyin gado 11, aka san cewa bairos yana rubuta magana biyu a kan haruffa ɗaya, kowace a layin karatunta. A fej ɗin lambda, ƙwayar Rz1 tana zaune gaba ɗaya cikin ƙwayar Rz, kuma dukkansu suna cikin aikin fasa bakteriya. Inda lugude biyu suka hau kan juna, kunne ba ya rarrabe su, kuma yawancin manhajoji an gina su ne su ƙi doguwar haɗuwa irin wannan. Na biyu, ƙwayoyin tRNA, masu ɗauko amino asid zuwa injin gina furotin, waɗanda su kansu ba a fassara su zuwa furotin, don haka ba su da bugun uku-uku ko kaɗan. Rahoton farko bai ambace su ba sam, sai da aka gudanar da manhajar neman su, tRNAscan-SE, aka ga tarinsu a wuri guda, abin da aka san dangin Felix O1 da shi, kuma mai yiwuwa yana da alaƙa da bambancin harshen nan tsakaninsa da mai gidansa. Na uku, zubin haruffa yana nuna wuri ne kawai, ba ya faɗin aiki. Aiki sai an kwatanta furotin ɗin da waɗanda aka sani, ta manhajar kwatanci ta BLAST da makamantanta, kuma fiye da rabin nawa sun fito da lakabin «ba a san aikinsa ba». Wannan ba gazawar ofishin ba ce, haka fej yake a ko'ina. Abin da za su iya gaya mini da gaskiya shi ne ba su ga wata ƙwaya mai kama da ta laɓewa ko ta guba ko ta jure wa magani ba, kuma haka suka rubuta, ba su ce babu ba.

Wani abokin aikina da ke bibiyar zazzaɓin Lassa ya ce in tambayar masa ko za su yi masa irin wannan aikin. Tambayar tana da nauyi a garin nan, domin a Jos ne aka yi jinyar ma'aikaciyar jinyar da ta kamu a garin Lassa na Borno a 1969, kuma a nan Dokta Jeanette Troup ta rasu da cutar a 1970. Malamar ta ce kada ya ɓata kuɗinsa a kan zubin haruffa. Kundin bairos ɗin Lassa gutsure biyu ne, babba mai haruffa kusan 7,200 da ƙarami mai kusan 3,400, kowanne da ƙwayoyin gado biyu masu fuskantar juna, huɗu ke nan, kuma an san su sarai, don haka jera sabon jeri kusa da sanannen ya wadatar. Haka ta ce game da bairos ɗin korona na COVID-19 mai haruffa 29,903, inda injin karatu ke zamewa baya da harafi ɗaya a tsakiyar babbar ƙwayar gadon, abin da ba ya fitowa daga lissafin haruffa. A ganinta hanyar ta fi amfani a fej, da manyan bairos irin na zazzaɓin aladu na Afirka, mai haruffa tsakanin 170,000 da 190,000, da kuma jerin da aka tsamo daga ruwa ko ƙasa wanda ba shi da ɗan'uwa a rumbun bayanai. Ofishin da ke mayar da kwastoma saboda aikin bai dace da kayansa ba, ina ganin ya san sana'arsa.

Sauran ƙorafina ƙanana ne amma na gaske ne. An ba ni rahoton a takardar PDF kawai, sai da na nemi fayil irin na GenBank da teburin wurare, alhali su ne abin da mai bincike zai yi aiki da su, kuma ya kamata su zo tun farko. Na kuma gano a cikin hira cewa an ɗora jerina a kan wasu shafukan intanet na waje domin kwatanci ba tare da an tambaye ni ba. Kowa yana yin haka, kuma da an tambaya da na yarda, amma jerin da ba a wallafa ba amana ne, ya kamata a sami layi ɗaya a takardar yarjejeniya da ke bayyana inda zai je. Wuta ta ɗauke sau biyu muna zaune, sai dai suna da sola, aikin bai tsaya ba. Farashin bai kai rabin abin da na kashe wajen karanta jerin ba, kuma ba su ƙara mini ko kwabo a kan gyaran ba, duk da cewa ya cinye mata yini biyu.

Wanda ke da fej ko babban bairos, kuma ba shi da lokacin koyon waɗannan manhajoji, zan tura shi wurin, da sharaɗi uku da zai gindaya kafin ya biya: a gaya masa kason G da C na jerinsa da na bakteriyar da yake ci, a gaya masa wane ma'auni aka yi amfani da shi, kuma a nuna masa duk filin da ya haura haruffa 300 ba a sa masa komai ba, tare da dalili. A taswirata fili ɗaya ya rage, mai haruffa kusan 400, tsakanin tarin tRNA da ƙwayar da ke biye. Akwai wani gajeren layi a ciki mai kodon 44 wanda manhaja ɗaya ta yarda da shi, biyu suka ƙi, kuma tudunsa bai kai rabin tsayi ba. Malamar ta sa masa launin toka, ta rubuta «mai yiwuwa» a gefensa. Na riga na ware samfurin da zan aika a auna furotin ɗin bairos ɗin kai tsaye, kuma kafin sakamakon ya dawo ba zan kai fej ɗin gidan kaji ko ɗaya ba.